ISANSI, GAZ, MAN GYAƊA KO RANA: GARDAMAR MASU INJI A ƊAN ISSA



A ajinmu na yaƙi da jahilci nan Ɗan Issa akwai wani magidanci da ba ya fashin karatu. Da damina noma yake yi, da rani kuma kabu-kabu. Wata rana muka zo aji muka iske wurin zamanshi wayam. Washegari ma haka. Da na tambaya, sai aka ce mani shina gidan likita.

Ga abin da ya faru. Ya dawo daga aiki bayan magariba. Shina son ya yi sammako zuwa Maraɗi, sai ya ɗauko jarkar isansi don ya cika babur tun da dare. Matarshi tana tuƙa tuwo a murhu, kamar taku shida daga inda yake. Ya duba ya ga ai da nisa. Shina cikin tsiyayawa sai wuta ta taso daga murhu, ta biyo ƙasa, ta kama bakin jarka. Ya firgita ya jefar da ita, ta faɗa gindin danni. Maƙwabta suka sheƙo da ruwa suka watsa. Wutar ta hau bisa ruwan, ta bi shi har rumbu. Babur ya tafi, hatsin shekara ya tafi. Hannunshi na dama, wanda yake koyon riƙon alli da shi, ya ƙone har gwiwar hannu. Allah ya tsare matar da yara.

Ranar da muka je dubiya, da muka fito sai muka zauna inuwar bedi wurin wani makanike kusa da tasha. Akwai direbobi, akwai ƴan kabu-kabu, akwai masu injin ban ruwa. Mutane ne masu son inji, sun san kukan kowace mota tun daga nesa. Nan gardama ta tashi. Wani ya ce a rabu da isansi. Wani ya ce gaz. Wani ya ce rana. Na saurara, na je na bincika abin da na iya, ga shi na kawo maku don mu duba tare.

YADDA RUWA YA JUYA

Kowa ya san garinmu bisa hanyar Maraɗi zuwa Jibiya da Katsina yake. A da, gwamnatin Najeriya ta yi shekara da shekaru tana biyan wani kashi na kuɗɗin mai don ya yi sauƙi ga talakawanta. Man nan mai araha shi ne ƴan ruwa-ruwa ke ɗaukowa bisa babura ta hanyoyin daji, jarkoki gaba da baya. Shi ne muke gani cikin kwalabe a bakin titi. Da yawa daga cikinmu mun girma ba mu taɓa shiga gidan mai ba. A nan muka koyi ajiye mai cikin ɗaki kamar ruwan sha.

A cikin Nuwamba 2011 aka buɗe matatar SORAZ kusa da Damagaram. Tana tace man da ke fitowa daga Agadem. An gina ta don ta tace ganga 20,000 kowace rana, kuma ganga guda lita 159 ce. Daga nan Nijar ta fara shan man ƙasarta. SONIDEP, wadda aka kafa a 1977, ita ke rarraba shi. Duk da haka mu na bakin iyaka na kwalba muka ci gaba da sha, don ya fi araha.

Ranar 29 ga Mayu 2023 sabon shugaban Najeriya, Bola Tinubu, ya ce an daina biyan tallafin mai. Lita da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin ƴan kwanaki. A Oktoba 2024 ta wuce naira 1,000. A nan gida kuwa, a Yuli 2024, gwamnati ta rage kuɗɗin isansi daga sefa 540 zuwa 499, wato dala 100 ba tamma guda. Gazuwal ya sauka daga 668 zuwa 618. Sai ruwa ya juya. Waɗanda ke shan na kwalba suka koma gidan mai. Buƙata ta fi ƙarfin matata. A Maris 2025 aka yi ƙarancin isansi a ƙasa, mutane suka kwana bisa layi. Duk wanda ya samu sai ya cika jarka ya kai gida ya ɓoye. Jarkar da ta ƙone ɗalibina irin wannan ajiya ce.

To, wannan shi ya sa masu inji ke tambaya: in ba isansi ba, sai mi?

TSOHON DIREBA: ISANSI BA SHI DA NA BIYU

Dattijon da ya fara magana ya yi shekaru shina jan mota tsakanin Maraɗi da Katsina. Ya ce mani: "Malam, ka bar yaran nan da surutu. Kwalba guda ta isansi za ta kai ka Madarumfa ka dawo. In ya ƙare maka a daji, yaro zai kawo maka a keke. In inji ya lalace, kowane gari akwai mai gyara."

Baba ya faɗi gaskiya ta wannan wajen. Babu abin da ke tara ƙarfi mai yawa a wuri ƙarami kamar mai. Amma akwai abin da bai faɗa ba. Cikin kowace lita huɗu da inji ya sha, kamar lita guda kaɗai ke juya taya. Sauran ukun zafi ne da hayaƙi. Taɓa salansar babur bayan tafiya, ka ji inda kuɗɗinka suka tafi. Kuma farashin mai ba hannunmu yake ba. Magana guda da aka yi a Abuja ta canza kasuwar Ɗan Issa.

MAKANIKE: A KOMA GAZ

Mai wurin shi gaz yake yabo. Ya ce masu lambu da yawa sun sa an canza masu kafireta, injin ban ruwa na aiki da butalin gaz na girki. SORAZ tana fitar da gaz ɗin tare da isansi. Ya ce inji ba ya yin baƙi sosai, fulogi na daɗewa, man inji ba ya saurin dauɗa. Kuma yaro ba zai tsiyayi gaz a kwalba ya sayar ba.

Sai wani saurayi ya ce: "Maigida, ai a Najeriya har motoci ake maidawa gaz. Mu ma mu ɗaura butali a bayan mota mana."

Makanike ya ɗaga mashi hannu. A nan ya kamata mu natsu, don gaz iri biyu ne. Na girki shi ne wanda muka sani. Cikin butali ruwa-ruwa yake, in ka girgiza za ka ji shi. Wanda gwamnatin Najeriya ta sa gaba tun 2023 don motoci, sunanshi CNG. Iska ce da ake dannawa cikin tukunya da matsi mai tsanani. Matsin ya kusa ninka na iskar tayar mota sau 100, ya ninka na butalin girki fiye da sau 10. Tukunyarshi ƙarfe ne mai kauri da aka ƙera don shi kaɗai. A Oktoba 2024, a garin Benin na jihar Edo, wata mota ta fashe wurin shan wannan gaz, mutane suka ji rauni. Hukuma ta ce tukunyar motar aikin walda ce, ba wadda aka amince da ita ba. Saboda haka kada kowa ya yarda mai walda ya haɗa mashi tukunyar gaz, ko ya like wadda ta huje.

Gaz na girki ma shina da halinshi. Ya fi iska nauyi. In ya zurare ba ya tashi sama, kwari yake nema. Masu lambu su lura: in kun saukar da inji cikin rami kusa da ruwa, ku bar butali a sama, tsaye, cikin inuwa. Tiyon ya zama na gaz, a ɗaure bakinshi da ƙarfe. Tiyon ruwa da robar taya ba su yi. In kuna shakka ko shina zurara, ku shafa kumfar sabulu a mahaɗa. In kumfa ta yi ƙwai, akwai ɓula. Ba a gwadawa da ashana.

MANOMI: MAN GYAƊARMU FA?

Wani manomi da ke saurare ya ce ya ji an ce inji na iya shan man gyaɗa. Aka yi mashi dariya. To, shi ke da gaskiya. Injin gazuwal wani Bajamushe ne ya ƙirƙiro shi, sunanshi Rudolf Diesel. A shekarar 1900, wurin babban baje koli na birnin Paris, an nuna ƙaramin inji irin nashi shina aiki da man gyaɗa zalla. Gwamnatin Faransa ce ta nemi a gwada, don tana tunanin ƙasashen Afirka da ta mallaka, inda ake noman gyaɗa.

Ƙasar Birazil kuwa tun 1975 ta sa himma wajen tatso wani mai daga rake, ana ce mashi etanol. Motoci masu yawa a can suna shan shi, ko shi kaɗai ko gauraye da isansi. A ƙasar Mali an gwada tada injin wuta na ƙauye da man bini da zugu, icen nan da ake shinge da shi.

Amma mu yi lissafi irin namu. Je kasuwa ka tambayi kuɗɗin litar man gyaɗa, ka gwada da na gazuwal. Man gyaɗa ya fi tsada nesa. Ga shi da kauri. In ka zuba shi haka nan, zai toshe hanyoyin mai, ya bar baƙin danƙo cikin inji. Injin isansi kuwa ba ya shan shi sam. Sannan iyayenmu ba su manta 1975 ba, shekarar da cuta ta cinye gyaɗar jahar Maraɗi. Abin da fari da cuta ke iya ɗaukewa cikin damina guda, da wuya a jingina mota da shi. Gonar da za ta ciyar da inji kuma an rage ta ne daga wadda ke ciyar da yara. Da aka zo nan manomin da kanshi ya ce a bar ma mata man ƙuli-ƙulinsu.

SAMARI: RANA KYAUTA CE

Samari su rana suke so. Suka ce mai na zuwa ya yanke, wutar lantarki na zuwa ta ɗauke, amma rana ba ta fashi a Ɗan Issa. Suka tuna mana Agusta 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu. A lokacin, kamar kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga can take zuwa. Mu na jahar Maraɗi tamu ta layin Katsina zuwa Gazawa take biyowa. Sai a Fabrairu 2024 aka ɗage takunkumin. A watannin nan mai allon hasken rana shi ne sarki, kowa wurinshi yake kai waya caji.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Wani ɗan jaharmu ya riga kowa. Farfesa Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunanshi, a Tasawa aka haife shi a 1929. Daga 1969 ya shugabanci ofishin binciken ƙarfin rana, ONERSOL, shekaru da yawa. Sun ƙera tukunyar zafafa ruwa da murhun girki masu aiki da rana. Ya rasu a 1991. Bayanshi, a 2018 aka buɗe tashar wutar rana ta Malbaza, mai ƙarfin megawat 7. A 2023 ta Goru Banda kusa da Yamai ta fara aiki, mai megawat 30, da alluna fiye da 55,000.

A waje ma ana tafiya. Ƙasar Habasha a 2024 ta hana shigo da ƙananan motoci masu shan mai, ta ce sai masu batir. Amma ita tana da manyan madatsun ruwa masu ba ta wuta mai araha.

Baba direba ya ce: "To, yarana, allo nawa za ku ɗaura bisa motata ta kai buhu 50 Maraɗi?"

Tambaya ce mai kyau. Allo babba guda, irin mai lamba wat 300, sai ya sha rana kamar kwana 2 kafin ya tara aikin da lita guda ta isansi ke yi. Ke nan motar kaya mai tafiya mai nisa ba ta yi da allo ba tukuna. Babur mai batir kuwa shina yi, in akwai inda za a yi mashi caji da mai gyara kusa. Batir ɗin shi ne tsadar, kuma zafi na rage mashi kwana.

Inda rana ta fi kowa shi ne aikin da ke zaune wuri guda: famfon lambu, rijiyar burtsatse ta shayar da bisashe, fitilar gida, cajin waya, firijin maganin rigakafi a gidan likita. Famfon rana ba ya ma buƙatar batir. Rana ta fito ya ja ruwa, a tara a tanki, rana ta faɗi ya huta.

Ga lissafi, kowa ya ɗauko allonshi. A ce injinka na ban ruwa na shan lita 2 a yini. A ce lita dala 100. Ke nan jika 1 kowace rana. In noman rani ya yi kwana 100, ka ƙone jika 100. Shekara 3, jika 300, ban da man inji da gyara. Yanzu je ka tambayi kuɗɗin famfon rana da zai isa lambunka, ka gwada. Wahalar ita ce kuɗɗin rana gaba ɗaya ake biya tun farko, na isansi kuwa kaɗan-kaɗan. Shi ya sa wannan sayayya ta fi dacewa da ƙungiya. Mutum 5 ko 10 masu lambu kusa da juna suna iya abin da mutum guda ba ya iyawa.

Kada kuma a ɗauka kayan rana ba su da nasu haɗari. Batir mai ruwa in shina caji shina fitar da iska mai kama wuta. A ajiye shi inda iska ke shiga, kada a sha taba kusa. Ruwan cikinshi na cin fata da ido. Dalmar cikinshi guba ce, kada a fasa tsohon batir a tsakar gida inda yara ke wasa da kaji ke kiwo. Batir irin na waya da na babur kuwa, in ya kumbura ko ya yi zafi fiye da kima, a fitar da shi waje nesa da danni. Waya sirara da aka murɗa da hannu aka naɗe da leda ita ma tana tada gobara.

ABIN DA KOWA YA YARDA DA SHI

Har la'asar ba wanda ya kada wani. Amma da makanike ya tambaya mi ya ƙone ɗan uwanmu, kowa ya yi shiru. Mun ga cewa ko mi za a sha gobe, yau isansi ke cikin gidajenmu. Kuma yawancinmu ba mu san halinshi ba.

Abin da ke kamawa da wuta shi ne tururin isansi, wannan warin da kake ji in an buɗe jarka. Tururin na fita ko cikin sanyin hunturu. Ya fi iska nauyi sau 3 ko 4, don haka ƙasa yake bi kamar maciji, ido ba ya ganinshi. In ya iske garwashi ko fitila ko guntun taba, sai wuta ta biyo shi baya har bakin jarka. Abin da ya sami ɗalibina ke nan. Taku shida ba nisa ba ne ga isansi. Jarkar da ta kusa ƙarewa ma haɗari ce, don cike take da tururi. Haka tanon da babu kome ciki: masu walda da yawa sun ji rauni wajen yanka shi.

Gazuwal ba ya saurin kamawa haka, sai ya yi zafi ya wuce awo 50. Kananzir ma bai kai isansi saurin kamawa ba. Amma in aka gauraya kananzir da isansi, ko aka zuba shi cikin jarkar da ta taɓa ɗaukar isansi, fitila ko risho na iya fashewa a hannun mace.

Abu na biyu: isansi ya fi ruwa rashin nauyi. Shina hawa bisa ruwa. In ka watsa ma wutar isansi ruwa, ka ba ta abin hawa ne. Maganinta rairayi, kuma Allah ya hore mana shi.

MOTAR MAI IN TA FAƊI

Akwai wata masifa da ta fi duka. A daren 5 zuwa 6 ga Mayu 2019 wata babbar motar dakon mai ta kife kusa da filin jirgin sama na Yamai. Mutane suka fito da bokitai da jarkoki suna kwasa. Wuta ta tashi. Fiye da mutum 50 suka mutu nan take, wasu suka cika daga baya a asibiti. Ranar 15 ga Oktoba 2024 haka ta faru a Majiya, cikin jihar Jigawa: fiye da mutum 150. Ranar 18 ga Janairu 2025 a mararrabar Dikko, cikin jihar Neja, fiye da 80. A Dikko an ce injin wuta aka tada don a juye man zuwa wata mota.

Waɗanda suka mutu talakawa ne kamar mu. Sun ga dukiya na malala a ƙasa, ga gida babu. Ba wanda ya fi ƙarfin wannan kwaɗayi sai wanda ya yanke shawara tun kafin ranar ta zo. Manyan motoci na bin titinmu dare da rana. In wata ta faɗi, ka kama hannun ɗanka ku yi nesa, ku bi wajen da iska ke fitowa. Kada a tada babur kusa. A kashe wutar masu shayi da masu tsire. A sanar da jandarma da maigari, a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18. Man da ke cikin bokiti ba ya biyan rai.

DOKOKIN ZUBA MAI

Ga abin da muka tsayar a inuwar bedi. Wanda ya iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba.

1. Kashe inji kafin ka zuba mai. Sauka daga bisa babur, a sauke yaro da fasinja.

2. Injin ban ruwa da gurup, a bari su huce tukuna. Ɗigo guda bisa salansa mai zafi ya isa.

3. A zuba mai da rana, a fili. In dole sai da dare, a haska da tocila. Ban da fitilar kananzir, ban da ashana, ban da taba.

4. A yi nesa da murhu sosai, ko da garwashi ne kaɗai ya rage.

5. In za a cika jarka, a sauke ta ƙasa tukuna. Kada a cika ta har baki, don mai na kumbura da zafi.

6. Kada a ajiye mai a ɗakin kwana, ko madafa, ko kusa da rumbu da tarin kara da harawa. A yi mashi ƴar rumfa can gefe, cikin inuwa, a rufe jarka da kyau.

7. A aje bokitin rairayi inda ake zuba mai. Masu sayarwa a kwalba su ma haka, kuma su nisanci mai tuya da mai shayi.

8. Kada a zuƙo mai da baki ta tiyo. In ya sarƙe ka ya shiga huhu, ciwo ne mai kisa.

9. Kada a zuba mai cikin gorar ruwa ko kwalbar lemo a bar shi inda yaro zai kai hannu. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura mashi manja ko nono. A kai shi likita nan da nan.

10. Kada a wanke hannu ko tufa da isansi. Kada a hura wuta da shi. Makiyaya, kada a shafa ma dabba shi don kaska ko gyambo, a nemi malamin dabbobi.

11. Kada a kwana da gurup cikin ɗaki ko zaure a rufe. Hayaƙinshi na ɗauke da guba mara wari, tana kashe mutane cikin barci.

12. A daji da rani, kada a tsayar da babur mai zafi cikin busasshiyar ciyawa. Gobara guda na cinye kiwon garke da yawa.

IN WUTA TA KAMA MUTUM

Kada ya yi gudu, gudu hura ta yake. Ya faɗi ƙasa ya yi birgima, a lulluɓe shi da bargo ko babbar riga. Da wuta ta mutu, a riƙa zuba ruwa mai tsabta bisa ƙunar har kamar minti 20. A nan ruwa magani ne. A cire zobe da agogo kafin wurin ya kumbura. Tufar da ta manne da fata a bar ta, likita zai cire. Kada a shafa ƙwai, ko man goge haƙori, ko baƙin mai, ko kashin shanu, ko toka. Kada a fasa ƙurajen ruwa. A rufe da ƙyalle mai tsabta, a kai shi gidan likita ba tare da jinkiri ba.

Ɗalibina ya dawo aji. Yatsunshi biyu ba su lanƙwasuwa sosai tukuna, da hagu yake rubutu, baƙaƙen na fita a karkace. Ƴan aji sun tara mashi hatsi, kowa damin da ya iya. Shi da kanshi ya ce in rubuta labarinshi a jarida, in ɓoye sunanshi. Ya ce shekara 9 shina zuba mai kusa da murhun nan, ba abin da ya taɓa faruwa sai ran nan.

Gardamar tasha ba ta ƙare ba. Baba direba na nan bisa isansinshi. Makanike ya maida injuna biyu gaz cikin watan nan. Samari na neman waɗanda za su haɗa kuɗɗi a sayi famfon rana. Amma yanzu akwai bokitin rairayi gindin bedi, kuma mai shayi ya matsa da murhunshi can ƙetaren hanya.

Malamai ƴan uwana, ku karanta wannan a aji, ku tambayi ɗalibai: gida nawa ne a garinku ake kwana da jarkar mai cikin ɗaki? Ina za a maida ita? Wa ya gwada gaz ko famfon rana, mi ya gani na daɗi da na wuya? Ku rubuto ma jarida amsarku don wasu su ƙaru. Hausawa sun ce in gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa ma naka ruwa. Allah ya kiyaye mu da iyalanmu da dukiyarmu, amin.

Daga malamin yaƙi da jahilci, Ɗan Issa, gundumar Madarumfa.